ZUCIYAR MUTUM BIRNINSA

Wata rana da la'asar na taso daga aiki, na biyo ta Gyadi-Gyadi na iso gida a Ƙauyen Alu, sai na tarad da samari biyar a zaure sun kewaye tabarma, gardama ta kaure har ana nuna juna da yatsa. Ɗayansu ɗan ƙanena ne. Da na dubi tabarmar ban ga karta ba, ban ga kuɗi ba, sai takardu da fensir da wata 'yar ƙwaya irin ta ludo, amma ita fuskokinta ashirin ne, ba shida ba. Da yaron ya gan ni sai ya ce, "Yauwa, ga Baffa nan. Baffa, don Allah raba mana wannan gardama."

Kafin in gaya muku gardamar, sai na bayyana muku wasan tukuna, gama yawancinmu ba mu tashi da shi ba. Asalinsa daga Amurka ne. A cikin 1974 waɗansu mutane biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su ka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, daga nan irinsa su ka yi ta yaɗuwa cikin duniya. Wasan kamar tatsuniya ne, sai dai ba mutum ɗaya ke yinta ba. Akwai mai jan labari, shi ke faɗin gari da daji da mutanen da a ka tarar a hanya. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum ɗaya na cikin labarin ya zama shi ne, ya riƙa faɗin abin da mutumin nan zai yi. Kowa yana da takarda da a ka rubuta ƙarfin mutuminsa, da wayonsa, da iya maganarsa, duk da lamba. In ya tasam ma wani abu mai wuya, kamar tsallake rafi ko kokawa da ɓarawo, sai ya jefa ƙwaya, a haɗa abin da ya fito da lambarsa. In ya kai adadin da a ka yanka, ya ci. In bai kai ba, ya fāɗi.

Su waɗannan samari labarin fatake su ke yi, ayari ya tashi daga Kano za shi Gwanja sayen goro, kamar yadda kakanninmu su ka riƙa yi har Salaga. Ɗaya ya zama madugu, jakar kuɗin ayari tana hannunsa. Ɗan ƙanena kuwa ya zama wani dillali mai zaƙin baki. Da ayari ya sauka zango, sai dillali ya ce zai lallashi madugu ya ba shi ajiyar jakar. Ya jefa ƙwaya, 19 ta fito. Ya ce, "Na ci, miƙo jaka." Madugu ya ce, "Ko 20 ta fito ba na bayarwa. Ni na san zuciyata." To, gardamar ke nan: shin ƙuri'a tana da ikon ta sa mutum ya yarda da maganar da shi bai yarda da ita ba?

Da fari na ɗauka shirmen yara ne. Amma da na zauna na saurari kowa, sai na ga tambaya ce ta manya, kuma kowane gefe yana da hujja.

Ga hujjar dillali. Ya ce jiya-jiya madugu ya kama shi da kokawa cikin labari, a ka jefa ƙwaya, a ka ce an kā da shi, bai yi musu ba. Ba wanda ya ce su tashi su kama kokawar gaske a tsakar gida. To, don me ƙuri'a za ta yi wa ƙarfi aiki, ta ƙi yi wa baki? Shi ya bar ƙarfi ya zaɓi iya magana, in an hana maganarsa tasiri an bar shi hannu wofi ke nan. Ni kuwa na san abin da bai faɗa ba: yaron nan mai nauyin baki ne, in ya shiga mutane kunya ta kan rufe shi. A wasan nan kaɗai ya ke samun ya ɗanɗana yadda mai balaga ke ji. Ya ƙara da cewa ai a duniya ma ana ciwo kan mutum. Wa bai taɓa shiga kasuwar Tarauni sayen gishiri ba, ya fito da tabarmar da ba ya bukata, sabo da bakin mai talla? Wanda duk ya ce ba a taɓa rinjayarsa ba, bai san kansa ba ne.

Ga ta madugu kuma. Ya ce in an kā da shi a kokawa, abu ne ya same shi. In ya miƙa jaka kuwa, abu ne ya aikata. Shi abin da ya kawo shi zauren nan ɗaya ne, watau ya zaɓi abin da madugu zai yi. In ƙwaya ta karɓe masa zaɓi, me ya rage masa? Ya zama ɗan kallo, gara ya tashi ya bar musu takardar su yi wasan da ita.

Wannan magana ta tuna mini da kalankuwa, wasan da samarin karkara su kan yi bayan kaka. Su kan naɗa sarki da alkali da 'yan doka a junansu, a yi shari'a ta wasa. Alkalin kalankuwa yana iya cin ka tara, ka biya kana dariya, don ka san da ka shiga fage ka karɓi dokar fage. Amma da zai ce, "Na hukunta daga yau kana son wance," da kowa ya san ya wuce gona da iri. Haka a kotun gaske. Alkali yana iya karɓe gona daga hannunka ya ba mai ita, amma cinikin da a ka ɗaura bisa tilas ba ya ɗauruwa, domin yarda ita ce ran ciniki. Hukunci ya kan hau dukiya, ya kan hau jiki. Zuciyar mutum kuwa birninsa, ba a shiga sai ya buɗe ƙofa.

Masu tsara irin waɗannan wasanni su ma ba su taru a kan hanya ɗaya ba. A cikin 1985 wani mutum mai suna Greg Stafford ya fito da wasan Pendragon, na barade a zamanin Sarki Arthur na tatsuniyoyin Ingila. Shi ya rubuta wa kowane barde halaye 13, kowane da kishiyarsa, kamar kyauta da rowa, ko jaruntaka da tsoro, har wani lokaci ƙwaya ita ke nuna halin da ya rinjayi barde. Amma lura, wanda ya zauna wasan nan ya san haka tun farko, da yardarsa ya shiga. A cikin 2010 kuma Vincent Baker ya fito da Apocalypse World, ya bi wata hanya dabam. In ka ci ƙuri'ar lallashi a kan abokin wasanka, ba a tilasta shi. In ya bi maganarka ya sami lada cikin wasa, in ya ƙi ya gamu da wata wahala, zaɓi dai yana hannunsa. Shi Dungeons & Dragons kuwa ya raba lallashi da sihiri. Akwai sihirin da ke juya hankalin mutum ko yana so ko ba ya so, amma an kira shi da sunansa, ba a ce masa iya magana ba. Mu ma haka mu ka raba su. Wanda a ka ba hujja ya gamsu, mu kan ce an ciwo kansa. Wanda ya yi abu ba da hankalinsa ba, mu kan ce an yi masa asiri.

To, ga yadda na raba musu. Na ce wa dillali, "Ɗana, ƙuri'arka ta yi aiki, amma a bakinka ta yi, ba a zuciyarsa ba. Ta nuna maganarka ta fito sumul, ba alamar ƙarya a fuskarka, sauran fatake duk sun gamsu." Na juya ga madugu na ce, "Kai kuwa jaka na hannunka, ba mai ƙwace ta. Amma in ka hana, ayari zai ɗauke ka mai zargin mutumin kirki, gobe in ka nemi taimakonsu sai ka sha wuya. Kuma ka ji tsoron Allah a wasanka. Kai da ke zaune a tabarma ka ga abokinka yana ƙifta ido, amma madugun da ke zango bai gani ba. Kada ka ɗauki sanin zaure ka kai masa daji." Gama shi ma mai taurin kai yana da laifinsa. Wanda ya ce mutuminsa ba ya jin tsoro, ba ya jin kwaɗayi, ba a ruɗinsa har abada, ba mutum ya ke kwaikwayo ba, dutse ne. Sa'an nan na ce musu nan gaba su yanke wannan magana kafin a jefa ƙwaya, ba bayan ta fāɗi ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Madugu ya yi shiru, ya ce ya ba da rabin kuɗin. Cikin dare dillali ya sulale da su. Zaure ya ɗauki shewa, madugu ya fi kowa dariya, yana cewa sai ya bi shi har Salaga. Na ce a raina, dubi ikon Allah. Da ƙwaya ce ta ƙwace masa kuɗin nan, da yanzu ya yi fushi ya tafi gida. Amma da ya ke shi ya miƙa da hannunsa, hasarar ta zama tasa, labarin ma ya zama nasa.

Ya ku 'yan'uwana da ku ka sha wahalar ajin yaƙi da jahilci, kun fi kowa sanin wannan. Kafin ku iya karatu, in an kawo takarda sai a karanta muku yadda a ka ga dama, a kama babban yatsanku a dangwala, a ce kun yarda. Yatsa ne ya yarda, ba ku ba. Ba don kada a sāke yi muku haka ba ne ku ka zauna kuna haɗa baƙi da wasali bayan furfura ta fara fitowa? To, masu zaƙin baki ba su ƙare ba. Za su zo muku ranar ciniki, za su zo lokacin zaɓe, za su zo neman auren 'ya'yanku. Ku saurare su da kyau, gama wanda ba ya sauraro ba ya ƙaruwa, in kuwa gaskiya su ka kawo, ba abin kunya ba ne a ce an rinjaye ku. Amma kada wani ya ce muku, "Na fi ka iya magana, sabo da haka ka yarda." Rasa amsa dabam, yarda dabam. Ku ma in kun rufe bakin ɗanku ko 'yarku da magana, kada ku ce sun amince, sai kun ji daga gare su.

Iyakar abin da na tsinta a zauren nan ke nan. Samarin dai har yanzu ba su isa Gwanja ba, an ce mini madugu ya kama dillali a bakin Kwara, sun shirya, amma jaka ba ta ƙara barin hannunsa ba.