Wa Zai Ɗora Tukunya Idan Duk Mun Dawo A Gajiye?

Wannan tambaya ba daga littafi na ɗauko ta ba. Wata ɗalibata ce a ajin matan aure na Asabar da Lahadi, ma'aikaciyar jinya, ta jefo mini ita ranar da na kama ta tana gyangyaɗi a kan Ahlari. Ta ce, "Malama, ni da maigidan tare muke fita, tare muke dawowa. Shi ya miƙe a falo ya kunna rediyo, ni in zarce kicin ko hijabi ban cire ba. Ga rabin albashina a cefane yake ƙarewa. In na ce ya kama mini, na yi zunubi?"

Ba ki yi zunubi ba, haka na ce mata. Amma maganar ta fi haka faɗi.

Da yawanmu mun taso a kan cewa girki da wanki da shara farilla ce a kan mace kamar Sallah. Malaman fiƙihu ba su haɗu a kan haka ba. A mazhabar Shafi'iyya, da mafi shahara a Hambaliyya, hidimar gida kyautatawa ce daga mace, ba dole ba. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka ce wajibi ce, amma gwargwadon abin da aka saba kuma za ta iya. Mu Malikiyya, abin da ke cikin Muhtasar na Halil shi ne a duba halin ma'auratan: in matar irin wadda ake yi wa hidima ce kuma mijin yana da hali, shi zai samo mai yi, in ba haka ba, ta yi hidimar cikin gida kamar kwaɓa da shara da shimfiɗa, amma ba a tilasta mata saƙa ko kaɗi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma a Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga mazan da ke ɗora wa mata girki da wanki, su bar su cikin jahilcin addininsu.

Kada ki ɗauki wannan ki mayar da shi sanda. Nana Faɗima (RA) sai da dutsen niƙa ya yi mata kanta a hannu. Da ta nemi mai hidima, Manzon Allah (SAW) bai ce wa Sayyidina Aliyu aikin ba nata ba ne. Sai ya koya musu tasbihi 33, tahmidi 33 da kabbara 34 idan za su kwanta. Nana Asma'u 'yar Abubakar (RA) kuwa har dokin Zubairu take kula da shi, tana ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gona. Hidimar miji ibada ce mai lada, ba mai musun wannan.

Sai dai kuma shi Manzon Allah (SAW) ɗin da muke kafa hujja da shi, yaya yake a gidansa? Buhari ya ruwaito an tambayi Nana A'isha (RA), ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin Sallah ya yi ya fita. A wasu ruwayoyin an bayyana yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa. Abin mamaki, mazanmu sun haddace sunnar ƙara aure tsaf, wannan kuwa sai ka rantse ba a taɓa karanta musu ba.

Inda maganar ta fi nauyi a wurina shi ne batun albashi. Ci da sha da tufa da muhalli duk a wuyan miji suke, ko da matar ta fi shi samu. Kuɗinta nata ne. Saboda haka duk ranar da kika sayo shinkafa ko kika cika kuɗin makarantar yara, kin ɗauke masa wani abu daga kayansa ne don Allah da zumuncin aure. To ina adalci a ce ke kin shiga rabonsa, shi kuwa rabonki ko kallo bai ishe shi ba? Ba alƙali zai tilasta masa wanke kwano ba. Amma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 19, ya umarci maza su zauna da matansu da kyautatawa, kuma ban ga kyautatawa a kallon mace mai ciki tana tuƙa tuwo ƙarfe tara na dare bayan ta wuni a tsaye ba.

Mu ma fa da namu laifin. Su wa ke kiran namiji mijin-ta-ce in an gan shi da tsintsiya? Mu ne, uwar miji da ƙannensa da maƙwabta. Su wa ke korar ɗa namiji daga kicin, a bar ƙanwarsa da wanke-wanke shi yana ƙwallo? Mu ne dai. Sannan da aiki ya yi mana yawa, maimakon mu yi magana da maigida, sai mu aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara goma. 'Ya'yanmu suna boko da Islamiyya, ita tana bakin famfo. Nauyin bai gushe ba, mun sauke shi ne a kan wadda ba ta da bakin magana, kuma za a tambaye mu.

Ita ɗalibar tawa na ce kada ta tayar da zancen tana cikin fushi, ko a gaban yara, kuma kada ta fara da gorin kuɗi. Ta nemi abu ɗaya takamaimai, ba "ka riƙa taimaka mini" ba, wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Ta zaɓi wankan yara da shirya su da safe, don a lokacin ne take makara. Bayan mako uku ta ce mini ya karɓa, har da gugar kayan makaranta. Sharaɗinsa ɗaya ne: in Hajiyarsa ta zo kwana, a dakata sai ta tafi.