Gargaɗin da Ba a Fahimta Ba, Laifin Wa?

Shin mutum zai iya faɗin gaskiya tsantsa, mai sauraronsa kuma ya tashi da kuskure a zuciya? Abin da ya faru a jihar Florida ta Amurka ya isa mu tsaya mu yi tunani.

Tun shekarar 2002 Cibiyar Kula da Guguwa ta Ƙasa da ke Miami take fitar da taswira mai zane kamar mazurari, gidajen talabijin kuma suna nuna ta duk sa'ad da mahaukaciyar guguwa ta doso gaɓar teku. Zanen yana nuna inda tsakiyar guguwar za ta iya bi ne kawai, kuma wajen sau ɗaya cikin uku takan kauce masa. Bai faɗi faɗin guguwar ba, balle inda ruwan teku zai tunkuɗo.

A watan Agusta na 2004, layin da aka ja a tsakiyar zanen ya nufi birnin Tampa, sai mutane da yawa da ke kudu da birnin suka saki jiki. Ranar 13 ga watan, guguwar Charley ta karkata ta auka wa Punta Gorda, garin da dama yake cikin mazurarin. A 2022 guguwar Ian ta sauka a wannan yankin, mutane fiye da 140 suka rasu a jihar, da dama daga cikinsu ruwan teku ne ya ci su.

Masu hasashen ba su yi ƙarya ba. Amma wanda aka ɗora wa aikin gargaɗi bai sauke nauyinsa ba sai an gane nufinsa. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai gaban talabijin ba ta san lissafinsu ba, layi kawai take gani. Domin rage wannan ruɗani, a 2024 cibiyar ta fara gwada taswirar da ke nuna gargaɗin iska har cikin ƙasa, nesa da gaɓa.

Mai kallo ma yana da nasa alhakin. Zuciya takan zaɓi fassarar da ba za ta raba ta da gida da dukiya ba. Maigidan da ya ga layi ya kauce wa garinsa ya ce "mun tsira", ya yanke hukunci ne a kan ran matarsa da 'ya'yansa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai dai jin da ke ceton rai shi ne wanda ya tambayi abin da zanen bai nuna ba, ya kuma kwashe iyali tun hanya tana buɗe.