INA DARAJAR AZURFA TAKE: A MA'AUNI KO A IDON MAI SAYE?

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda za ta ba mutumin Maraɗi ko na Damagaram mamaki in ya ji labarinta, wato sayen kuɗi da kuɗi, ba don a kashe su ba, sai don a ajiye a riƙa kallo. Gidan buga kuɗin ƙasar, a reshensa na San Faransisko, yana fitar da jerin tsabar kuɗi na musamman kowace shekara. Ana goge hatimin bugun har ya yi ƙyalli, a buga kowane sule sau biyu ko fiye, sai bayansa ya fito kamar madubi, zanen kuma ya tashi fari kamar an barbaɗa masa gari. Daga nan a rufe su cikin akwatin roba mai haske, domin yatsa ɗaya in ya taɓa fuskar sulen, darajarsa ta ragu ke nan. Tun shekarar 1965 Amurka ta cire azurfa daga ƙananan kuɗin da jama'a ke cefane da su, amma a 1992 ta koma buga irin wannan jeri da azurfa kashi 90 cikin ɗari, don masu sha'awar tarawa kaɗai. Daga 2019 ma aka mai da ita kusan tsantsa.

Mu ɗauki jerin shekarar 1999, domin labarinsa ya ishe mu abin tunani. Tsaba tara ne a cikinsa, bakwai daga ciki na azurfa. In aka haɗa abin da aka rubuta a fuskokinsu, bai kai dalar Amurka biyu ba. In aka narkar da su, azurfar da za a samu kimanin giram 41 ce, wadda a kasuwar wannan shekara ba ta wuce dala bakwai ba. Gwamnati kuwa ta sayar da jerin a kan dala 31.95. Da yake shi ne farkon jerin da ya zo da sulalla masu ɗauke da tambarin jihohi, kuma kimanin dubu 800 kaɗai aka buga, sai mutane suka yi masa caa, har cikin ƴan shekaru ya haura dala 300 a hannun dillalai. Bayan nan sha'awa ta lafa, waɗanda suka ɓoye suka fito da nasu, farashi ya gangaro ya rasa fiye da rabinsa. Akwatin bai canza ba, sulallan ba su rage ko ƙwayar gero ba. To, cikin waɗannan lambobi huɗu, wace ce darajar abin ta gaskiya?

Wani zai ce ai ƙarfen shi ne gaskiya, sauran duk ruɗu ne. Amma ita ma azurfar ba ta zauna wuri ɗaya ba. A farkon 1979 ana sayar da oza ɗaya wajen dala shida. Wasu attajirai ƴan gida ɗaya daga Teksas, Nelson Bunker Hunt da ƙanensa William Herbert Hunt, suka yi ta saye suna tarawa, galibi da kuɗin bashi, har a watan Janairun 1980 oza ta kusa dala 50. Mutane suka riƙa kai cokula da kayan gadon iyayensu ana narkarwa. Ranar 27 ga Maris na wannan shekara kasuwa ta rushe, oza ta koma wajen dala 11. Sai a 2011 ta sake kusantar dala 50, ta sake saukowa, kuma ba ta ƙetare wannan iyaka ba sai a watan Oktoban 2025. Ke nan a wannan wata azurfar da ke cikin jerin 1999 ta ninka kuɗinta na farko kusan sau goma, alhali ƙarin da ake biya saboda ƙarancinsa ya riga ya zaizaye. Abin da masu tarawa suka raina shi ya tashi, abin da suka yi gasa a kansa shi ya faɗi.

Mu a nan ba baƙin wannan darasi ba ne. Kalmar dala da muke kiran tamma biyar da ita, asalinta sunan sulen azurfar Mariya Tareza ne na ƙasar Ostiriya, wanda ya yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Har yau in an buga shi shekarar 1780 ake rubutawa, kuma kakanninmu ba su damu da shekarar ba. Nauyinsa suke dubawa, giram 28, da ƙararsa in an jefa shi a kan dutse, maƙera kuma su narkar da shi su yi munduwa da zobe. Waɗanda suka ga watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, sun san cewa abin da aka rubuta a fuskar kuɗi alkawari ne na hukuma, kuma alkawari yana iya sauyawa.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsai da magana a kan wannan. A wurinsu zinariya da azurfa ma'auni ake bi da su. In za a musanya azurfa da azurfa, sai nauyi ya yi daidai kuma a karɓa hannu da hannu, ba a duban kyan ƙira. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo labarin wani maƙerin zinariya da ya nemi Abdullahi ɗan Umar ya yarje masa ya sayar da abin da ya ƙera da fiye da nauyinsa, don ya fitar da ladan aikinsa, ya yi ta bin sa yana maimaita tambayar, shi kuwa bai yarda ba. Sayen azurfa da kuɗin takarda wani babi ne, malaman zamani sun halatta shi da kowane farashi aka yi yarjejeniya, muddin an biya an karɓa nan take. Zakka ma haka take ga wanda ya ajiye ba don fatauci ba: nisabi dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato wajen jeri goma sha biyar irin na 1999, a fitar da ɗaya cikin arba'in in shekara ta kewayo. Madubin da ke bayan sulen ba ya ƙara masa ko giram ɗaya a wannan lissafi.

Ba mu ce sha'awar tarawa laifi ba ce. Mutumin da ya sayi jeri don shekarar haihuwar ɗansa, ko don yana son aikin hannu mai kyau da tarihin da ke cikin zanen, ya biya kuɗin jin daɗinsa ne, kamar mai sayen sirdi mai ado alhali sirdin da ba ado ma zai kai shi gari. Ibn Umar ɗin nan kuma shi ne ya bayyana cewa dukiyar da aka fitar wa zakka ba ta cikin taskar da Suratut Tauba ta yi wa masu ita gargaɗi. Inda muke ganin matsala shi ne lokacin da sha'awa ta sa rigar ajiya. Wanda ya ba da dala 300 a kan azurfar dala goma sha biyar, yana gaya wa iyalinsa cewa tanadi yake yi musu, a haƙiƙa ya jingina abincinsu ne ga zaton cewa gobe wani zai zo wanda ya fi shi kwaɗayin abin. Wannan zato yakan tabbata, kamar yadda jerin 2012 ya yi tsada saboda kaɗan aka buga, amma ba wanda ya san haka ranar da ake sayar da shi.

Nauyin da ya fi girma yana kan mai sayarwa. Dillalin da ya san cewa an buga dubu ɗaruruwa, kowanne yana kwance lafiya cikin robarsa ba ya lalacewa, sa'an nan ya ce wa tsoho mai kuɗin fansho wannan abu ne da ba ya faɗuwa, bai yi ƙarya a kan nauyi ko a kan tsarkin ƙarfe ba, amma ya sayar da gobe wadda ba tasa ba ce. Akan ga magada a can suna kai akwatunan mahaifinsu kanti bayan rasuwarsa, suna tsammanin dukiya, mai kanti ya buɗe littafin farashi ya rufe, ya jawo ma'auni, ya lissafa musu kuɗin azurfar da ke ciki a farashin wannan rana.