Ciki Bawa Ne Ko Maigida? Tunani a Kan Gidajen Abincin Gaggawa da Matsalar Ƙiba



Duk wanda ya ratsa manyan titunan Kaduna, Jos, Kano ko Abuja zai lura da wani irin gini da ya yawaita: bangon gilashi, fitilu masu launi, hoton soyayyar kaza a saman ƙofa, a ciki kuma sanyi da kujeru masu sheƙi. Waɗannan su ne gidajen abincin gaggawa, inda mutum ke miƙa kuɗi a ba shi abinci kafin ya gama gyara tsayuwarsa. Iyalai da dama sun mai da su wurin zuwa ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, yara kuwa na ɗaukar zuwa can a matsayin babbar kyauta. A lokaci guda, likitoci na ta kokawa a kan yawaitar ƙibar da ta wuce kima da cututtukan da ke biye da ita. Wannan ya sa ya dace mu tambayi kanmu: shin abin da muke ci da yadda muke cinsa maganar likita ce kawai, ko kuwa akwai maganar lamiri a ciki? In akwai laifi, a wuyan wa yake?

Asalin wannan sana'a

Wannan salon sayar da abinci ya bunƙasa ne a Amurka. A shekarar 1948, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sake tsarin shagonsu da ke garin San Bernardino a jihar Kalifoniya. Suka rage irin abincin da suke sayarwa zuwa 'yan kaɗan, suka ba kowane ma'aikaci aiki guda da zai riƙa maimaitawa kamar a masana'anta, domin abinci ya fito da sauri kuma da araha. Wani ɗan kasuwa mai suna Ray Kroc ya ga riba a wannan dabara, ya buɗe nasa reshen a 1955, daga nan aka yi ta yaɗuwa har kamfanin McDonald's ya kai ga samun rassa a ƙasashe fiye da 100.

A Nijeriya, kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986. Tantalizers ya biyo baya a 1997, sai Chicken Republic a 2004. Daga baya na ƙetare suka shigo: KFC a 2009, Domino's Pizza a 2012, Burger King a 2021. Daga Legas abin ya hauro arewa, ƙananan 'yan kasuwa ma suka kwaikwayi salon a unguwanninmu.

Gaskiya ne mu ma muna da namu abincin hanya tun kaka da kakanni: ƙosai, waina, ɗanwake, tsire, fura da nono. Wasunsu ma soyayye ne, kuma yawan cinsu na da nasa illa. Amma mai tuyar ƙosai a bakin layi ba ta da allon talla mai girman ɗaki, ba ta kuma ɗauki masana aiki domin su auna gishiri da mai da sukarin da zai sa harshe ya ƙi haƙura ba. Manyan kamfanoni suna da duk waɗannan, kuma ribarsu tana ƙaruwa ne gwargwadon yawan abin da muka ci.

Abin da masana lafiya suka tabbatar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙibar da ta wuce kima. Daga 1990 zuwa wannan shekarar, matsalar ta ninka fiye da sau biyu a tsakanin manya, ta kuma ninka sau huɗu a tsakanin matasa. Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsayinsa a mita, a sake rabawa da tsayin. In sakamakon ya kai 25, nauyi ya fara yawa. In ya kai 30, ƙiba ta wuce kima. Misali, mai tsayin mita 1.70 ya shiga mataki na farko in ya kai wajen kilo 72, ya kuma shiga na biyu in ya kai wajen kilo 87.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Duk ƙarfin da jiki ya samu daga abinci bai yi aiki da shi ba, yakan adana shi a matsayin kitse. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na giram ɗaya na hatsi fiye da sau biyu, saboda haka ƙaramin faranti na soyayyen abu kan fi babban malmalar tuwo nauyi a jiki. Farin fulawa da aka raba da dusarsa ba ya riƙe ciki, sai yunwa ta dawo da wuri. Lemon kwalba kuwa yana zuba sukari a jini ba tare da mutum ya ji ya ƙoshi ba. Hukumar ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, alhali babbar kwalbar lemo guda kan kai kusan haka ita kaɗai. Gishiri ma an ce kada ya kai giram 5 a yini.

Idan kitse ya taru, musamman a tumbi, jiki kan daina sauraron sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini, daga nan ciwon sukari ya samu ƙofa. Yawan gishiri da nauyin jiki na tayar da hawan jini, shi kuma ya kai ga ciwon zuciya, lalacewar ƙoda, ko shanyewar ɓarin jiki. Gwiwoyi da ƙugu ma na ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. Kakanninmu sun ci tuwo sun ƙoshi, amma tun asuba suna gona da fartanya, mata na daka da ɗebo ruwa. Mu kuwa da yawanmu daga kujerar ofis sai kan babur, daga babur sai gaban talabijin.

Akwai wani abu da ya kamata ya taɓa zuciyarmu. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wato a gari guda, wani lokaci ma a majami'a guda, wani na rashin lafiya saboda abinci ya yi masa yawa, wani kuma saboda bai samu ba.

Ƙiba zunubi ce?

Dole mu yi hattara a nan. Ƙiba yanayin jiki ce, zunubi kuwa aikin zuciya ne da mutum ya zaɓa da saninsa. Akwai wanda ya gaji jiki daga iyaye, akwai wadda haihuwa ta sauya mata jiki, akwai wanda magani ko wata cuta ta kumbura shi. Akwai kuma siriri kamar kara wanda cikinsa ne ke juya shi. Saboda haka ba mu da ikon duban jikin ɗan'uwa mu yanke masa hukunci, kuma yi wa mai ƙiba ba'a, musamman yaro, rashin ƙauna ne da ke buƙatar tuba.

Sai dai akwai kuskure na biyu da ya fi yawa a cikinmu. Mun saba ɗaukar tumbi a matsayin shaidar arziki. In mutum ya yi ƙiba sai a ce hutu ya karɓe shi, in amarya ta cika sai a yaba wa angon, in kuwa wani ya rage jiki sai a fara raɗe-raɗin ko wata muguwar cuta ce. Da irin wannan yabo muke tura 'yan'uwanmu zuwa gadon asibiti muna tafa musu.

Abin da Ikilisiya ke kira zunubi shi ne zarin ci, wanda ta lissafa cikin manyan zunubai bakwai da ke haifar da wasu. Paparoma Gregori Babba, wanda ya jagoranci Ikilisiya daga 590 zuwa 604, ya koyar cewa zarin ci kan zo ta hanyoyi biyar, kuma Waliyi Toma Akwinas ya sake bayyana su a ƙarni na 13: ci kafin lokaci ya yi, neman mai tsada, ci fiye da kima, ci da rawar jiki, da kuma tsirfa wajen zaɓen abinci. Abin lura shi ne yawan ci hanya ɗaya ce kawai cikin biyar ɗin. Biyu daga cikinsu maganar gaggawa ce. Ku tuna da Isuwa a Littafin Farawa. Abincin da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari dominsa ba wani na alfarma ba ne, faten wake ne kawai. Abin da ya kā da shi shi ne ya kasa jira. Hausawa sun ce ƙuda wajen kwaɗayi yake mutuwa.

To, ga inda maganar ta shafi gidajen abincin gaggawa. Babban abin da suke sayarwa shi ne saurin kansa: kana so, ka samu yanzu. Amma ciki yana ɗaukar wani ɗan lokaci kafin ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya cika, don haka mai ci da sauri kan wuce iyaka kafin ya ankara. Bayan haka, saurin yana raba abinci da abubuwa uku da ke ba shi daraja a gidan Kirista: addu'ar godiya kafin a sa hannu, zama tare a kan tabarma ɗaya ko tebur ɗaya, da tunawa da wanda bai samu ba. A akushi ɗaya yaro ke koyon jiran babba, da barin rabon ƙane, da tsame hannu in ya ƙoshi. Wanda aka miƙa wa ƙunshinsa shi kaɗai ba shi da wanda zai jira, ba shi kuma da wanda zai ragewa.

Alhakin mai saye da na mai sayarwa

Wani zai ce ai ba a ɗaure kowa an kai shi ba, kowa da kuɗinsa ya je. Akwai gaskiya a ciki, domin Allah ya ba mu hankali da 'yanci, kuma babban mutum ba zai ɗora wa allon talla laifin abin da hannunsa ya kai bakinsa ba. Haka nan waɗannan gidaje sun samar wa dubban matasa aiki, suna kuma taimakon matafiyi da ma'aikacin da ba shi da sukunin girki. Cin abinci a can jefi-jefi ba laifi ba ne.

Amma 'yanci yana da ma'ana ne ga wanda ya san abin da yake zaɓa. Yaro ɗan shekara shida da aka jawo da kayan wasa da hotuna bai yi zaɓi ba, an yi masa ne. Wanda ke cin riba daga raunin da ya san mutane na da shi yana da nasa kason alhakin, kuma adalci ya wajabta masa ya faɗi abin da ke cikin kayansa, ya kuma daina farautar ƙananan yara. Hukuma ma tana da nata. Ƙasar Meziko ta sa haraji a kan lemon zaƙi a 2014, Birtaniya ta yi haka a 2018, Nijeriya kuma ta sa naira 10 a kan kowace lita ta Dokar Kuɗi ta 2021. Irin waɗannan matakai suna da amfani, sai dai babu dokar da za ta shiga gida ta koya wa yaro cewa ya isa haka. Wannan aikin iyaye ne.

Kamunkai a gida da cikin ikilisiya

Maganin zarin ci shi ne kamunkai, ɗaya daga cikin manyan kyawawan halaye huɗu tare da hikima, adalci da ƙarfin zuciya. Mai kamunkai yana jin daɗin abinci, yana gode wa Allah da ya halicce shi, amma shi ke ba ciki umarni. Manzo Bulus ya tunatar da Korintiyawa cewa jikinmu wurin zaman Ruhu Mai Tsarki ne, wanda ke nufin amana ce a hannunmu. Uban da ya bari ciwon da za a iya kauce masa ya kwantar da shi yana da shekara 50, iyalinsa ne za su sayar da gona da awaki don sayen magani.

Ikilisiya ta daɗe tana horar da mu jira. Muna azumi ranar Laraba ta Toka da Jumma'a Mai Kyau, muna ƙaurace wa nama a ranakun Jumma'a na lokacin Azumi, muna kuma kame baki na awa guda kafin karɓar Jikin Kristi. Duk wannan makaranta ce ta koya wa ciki cewa ba shi ne maigida ba.

Don haka ina roƙon kowane iyali su ware aƙalla cin abinci sau ɗaya a yini da za a zauna tare, a yi addu'a, a ci a natse. Mu daina mai da soyayyar kaza da lemon kwalba ladan yaron da ya ci jarrabawa, domin abin da muka mai da lada shi yaro zai ɗauka ya fi kome daraja. Mu dawo da martabar acca, gero, dawa, wake, zogale, rama da kuka, mu kuma rage mai da dunƙulen ɗanɗano a tukwanenmu na gida, gama ba a kan titi kaɗai matsalar take ba. Zumuntar mata da ta maza da ƙungiyoyin matasa su duba yawan katan-katan na lemo da ake tarawa a bikin aure, baftisma da godiyar girbi, a wadata jama'a da ruwa mai tsabta, zoɓo da kunu marasa yawan sukari. Duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa zuwa a auna masa jini da sukari, domin rigakafi ya fi magani. Kuɗin da aka rage daga kwaɗayi kuwa a kai shi ga gwauruwa, maraya da ɗan gudun hijira, kada mu zama kamar mai arzikin nan na Bisharar Luka da ya yi ta shagali Li'azaru na kwance a ƙofarsa.

Bari Allah da ke ba mu abincin yini ya ba mu zuciyar godiya, da hikimar sanin iyaka, da hannun da ke miƙa wa maƙwabci. Amin.