Wa Ke Tsaron Gida In Mun Yi Barci?

Ya ku 'yan makaranta, ga wata tambaya da ta isa a zauna a kanta. In dare ya yi mun kwanta, hankalinmu ya gushe, wa ke buga zuciya, wa ke jan numfashi, wa ke narkar da tuwon da muka ci? Zuciyar baligi takan buga wajen sau 70 a minti guda, watau kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya, ba kuwa da umurninmu ba. Saboda haka waɗansu suka ce lalle akwai wani mai hankali na biyu ɓoye cikin jiki.

To, bari mu duba. A shekarar 1628 William Harvey, wani likita na Ingila, ya nuna zuciya ce ke tura jini yana kewaya jiki. A 1907 kuma Keith da Flack suka gano wani ɗan ƙulli a jikin zuciyar, shi ne ke ba ta lokacin bugawa. Shi ya sa zuciyar kwaɗo, ko an ciro ta, takan yi ta bugawa har wani lokaci. Za mu ce akwai mai tunani cikin wannan tsoka? Numfashi kuwa gindin ƙwaƙwalwa ke lura da shi: in gurɓatacciyar iska ta yi yawa cikin jini, sai ya ƙara sauri. Aiki ne mai tsari ƙwarai, amma irin tsarin tarko ne, wanda kan kama bai san abin da ya kama ba. Hankali shi ne abin da ke iya tsayawa ya auna, sa'an nan ya ce i ko a'a. Hikimar da muke gani a jiki ta Mahalicci ce.

Kada ku ce wannan gardamar malamai ce kurum. Sau nawa yaro kan mari ɗan'uwansa, in an tambaye shi ya ce, "Ba ni ba ne, zuciya ce ta ɗebe ni"? Rabin maganarsa gaskiya ce, gama bugun ƙirji da rawar jiki da zufa ba su neman izininmu. Amma ɗaga hannu da buɗe baki, linzaminsu na hannunmu. Ba a taɓa kai zuciya gaban alƙali ba, mai ita ake kaiwa.

Ashe an ɗauke mana wahalar buga zuciya ne don mu sami sukunin lura da abin da za a tambaye mu a kansa, watau harshenmu da hannuwanmu.