Gardamar Ahlul Kitabi a Kan Ƙissar Mutanen Annabi Luɗu (A.S.)

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wasu samari sun tare mu a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, da waya a hannu, suna nuna mana wani bidiyo mai cewa wai Kiristoci sun halatta luwaɗi. Suka tambaye mu ko haka yake a littafinsu. Mun lura cewa wasunsu ilimi suke nema, wasunsu kuwa abin yi wa maƙwabci gori suke nema. Don haka muka ga ya kamata mu zauna mu warware maganar, domin wanda zai yi magana a kan addinin wani wajibi ne ya faɗi abin da ke akwai, ba ƙari ba ragi.

Abin da ke akwai shi ne: Kiristoci sun rabu a kan wannan mas'ala, rabuwa mai tsanani. A shekarar 1998 bishof-bishof na ɗariƙar Angilika suka taru a taron Lambeth a Ingila, suka yanke cewa wannan aiki ya saɓa wa littafinsu, da ƙuri'a 526 a kan 70. A 2003 reshensu na Amurka ya naɗa Gene Robinson bishof, alhali an san yana zaune da namiji. Wannan ya sa Peter Akinola, shugaban Angilika na Najeriya a lokacin, da takwarorinsa suka yi nasu taro dabam a Birnin Ƙudus a 2008. Katolika ma abin bai bar su ba. A watan Disamba na 2023 fadar Fafaroma Faransis ta ba da izinin sa wa irin waɗannan mutane albarka ba tare da an kira zamansu aure ba, amma a Janairun 2024 bishof-bishof na Afirka, ta bakin Kadinal Ambongo na Kinshasa, suka ce ba za a yi haka a majami'unsu ba. Ke nan wanda ya ce "Kiristoci sun halatta" ya ɗora wa miliyoyin mutane abin da suka tsaya suka ƙi.

To, littafi ɗaya ne a hannunsu. Yaya aka yi suka rabu? A wajen tafsiri suka rabu, kuma nan ne abin ya shafe mu.

Mu fara da ƙissar Saduma, a babi na 19 na littafin Farawa. A 1955 wani malamin Angilika mai suna Derrick Bailey ya kawo wata fassara sabuwa. Ya ce kalmar Ibrananci da mutanen garin suka yi amfani da ita a ƙofar Luɗu, wato "yada", ma'anarta sani, kuma ta zo fiye da sau 900 a Tsohon Alkawari, a wurare ƙalilan ne kawai take nufin saduwa. Saboda haka, in ji shi, mutanen sun so su binciki baƙin ne, laifinsu wulaƙanta baƙo. Masu bin wannan hanya suka ƙara da littafin Ezekiyel, babi na 16, inda aka lissafa laifin Saduma da girman kai da ƙoshi da ƙin taimakon matalauci. Masu riƙe da tsohuwar fahimta suka amsa musu da cewa a cikin wannan babi na Farawa, bayan ayoyi uku kacal, an sake amfani da kalmar a kan ƴaƴan Luɗu mata, kuma a can babu mai shakkar abin da take nufi. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin tafsiri ya san wannan ƙa'ida: kalma ana gane ta ne da abin da ke gabanta da bayanta, ba da ƙirga yawan zuwanta ba. A nan hujjar Bailey ta yi rauni. (Ƙarshen wannan babi kuwa, inda aka jingina wa Luɗu shan giya da abin da baki ba ya iya faɗa, mu Musulmi ba mu karɓe shi ba, domin Allah Ya tsare annabawanSa.)

Sai littafin Firistoci, babi na 18 da na 20, inda hani ya zo ƙarara. A nan ba a yi gardama sosai a kan ma'ana ba, an yi ta ne a kan ko hukuncin yana nan. Wasu suka ce: ai a wannan littafi aka hana naman alade, mun kuwa bar wannan hani, don me za mu riƙe wancan? Wasu suka ce dokar abinci dabam, dokar ɗa'a dabam. Malamanmu na usulu sun daɗe da sanin irin wannan tambaya, a babin nasikhi da mansukhi da babin shari'ar waɗanda suka gabace mu.

Inda aka fi daɗewa ana ja-in-ja shi ne wasiƙun Bulus: babi na 1 na Romawa, da babi na 6 na Korantiyawa ta fari, inda ya yi amfani da kalmar Girkanci "arsenokoitai". Kalmomi biyu ne aka haɗa, namiji da shimfiɗa, kuma ba a same ta a wani rubutu da ya riga Bulus ba. Wasu suka ce yana nufin masu lalata da yara da bayi, abin da ya yawaita a zamanin Rumawa. Wasu suka ce daga fassarar Girkanci ta littafin Firistoci ya ɗauko kalmomin biyu, don haka hanin na kowa ne. A 1946 wata fassarar Turanci a Amurka ta sa a gurbinta kalmar da sai a ƙarni na 19 aka ƙirƙiro ta, kuma har yau ana muhawara a kan wannan zaɓi. Ku dubi nauyin da ke wuyan mai fassara! Mu da muke sauraron tafsiri da Hausa kowane watan azumi, mu roƙa wa malamanmu tsoron Allah, mu kuma tura ƴaƴanmu su koyi Larabci.

Kada wani ya ce wannan gobarar gidan wasu ce. A 2010 wani Ba'amurke Musulmi, Scott Kugle, ya wallafa littafi yana kawo kusan hujjar Bailey a kan ayoyin Alƙur'ani. Amsarmu ita ce Suratul A'araf, aya ta 80 da 81, da Suratush Shu'ara, aya ta 165 da 166, sun ambaci aikin da kansa, kuma malaman mazhabobi huɗu ba su saɓa a kan haramcinsa ba.

Amma akwai abin da masu sabuwar fassara suka gani wanda mu muke tsallakewa. Suratul Ankabut, aya ta 29, ta haɗa wa mutanen Luɗu laifin tare hanya da aikata munkari a majalisunsu. A Suratu Hud da Suratul Hijr, Annabi Luɗu ya roƙe su kada su kunyata shi a kan baƙinsa. Mukan karanta ƙissar mu tsaya a kan laifin da muke ganin na wasu ne, mu wuce wanda ke ƙofar gidanmu: baƙon da aka ninka wa kuɗin mota a tasha don ba ya jin Hausa, matafiyin da aka tatse a hanyar Agadas, almajirin da ya kwana da yunwa kusa da gidan da aka zubar da tuwo.

Haramcin aiki kuma bai ba kowa izinin leƙen asirin mutane ba, Suratul Hujurat ta hana. Bai ba da izinin jifan wani da wannan suna don tafiyarsa ko muryarsa ba, wannan ƙazafi ne. Bai mai da taron unguwa alƙali ba.

Game da maƙwabtanmu Kiristoci, Suratul Ankabut, aya ta 46, ta umurce mu da mu yi muhawara da Ahlul Kitabi ta hanya mafi kyau. Ba mu manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta yi a Faransa, mutum aƙalla 10 suka rasa rayukansu. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su zana kome ba. Haka nan ma'aikacin asibitin Galmi da ke duba mahaifiyarka ba shi ya naɗa bishof a Amurka ba.

Samarin nan mun roƙe su kada su tura bidiyon gaba, mun kuma gayyace su karatun Suratu Hud da za mu ci gaba da shi ranar Asabar bayan Magariba, in Allah Ya kai mu. Daga aya ta 77 za mu tashi.