Zaman Lafiya da Cikin Talaka: Darasi daga Malam Aminu Kano

Duk lokacin da zaɓe ya gabato mukan ji 'yan siyasa suna kira ga haɗin kai da zaman lafiya. Kiran yana da kyau, gama zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma akwai tambayar da ta wajaba mu yi wa kanmu: shin daidai ne a ce wa mai jin yunwa ya yi shiru domin kada a ɓata haɗin kai? In kuwa ba daidai ba ne, yaya zai yi magana ba tare da ya ƙone gidan da muke ciki duka ba?

Bari mu dubi rayuwar Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920 ya kuma rasu a 1983. Malamin makaranta ne da ya bar aikinsa ya jagoranci jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950. Ra'ayinsa a fili yake: talaucin talaka ba ƙaddara ba ne kaɗai, akwai hannun mutane a ciki, ta wurin haraji mai nauyi, da aikin tilas, da shari'ar da ke duban fuska. An ɗaure magoya bayansa, an yi wa waɗansu bulala, ana kiransu masu ta da zaune tsaye. Amma da jam'iyyarsa ta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ashe nauyin da aka ce ba ya saukuwa, mutane ne suka ɗora shi, mutane kuma suka sauke shi.

Mutumin nan da ake zargi da raba kan jama'a, shi ne ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar Nnamdi Azikiwe daga kudu, ya haɗa kai da Joseph Tarka na ƙasar Tibi, ya kuma riƙe muƙami a gwamnatin Janar Gowon lokacin yaƙin basasa domin ƙasa ta zauna ɗaya. Ya ɗauki darasi daga Gandhi na Indiya, cewa ana iya tsayayya da zalunci ba da makami ba. Bai ga wani saɓani tsakanin neman adalci da neman haɗin kai ba, domin na farko shi ne tushen na biyu.

Ba mu ce hanyar tana da sauƙi ba. Jam'iyyar PRP kanta ta dāre gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, har waɗanda suka sha ɗauri tare suka koma jifan juna da baƙaƙen maganganu. Wannan gargaɗi ne a gare mu: mai gaskiya ma, in bai riƙe harshensa ba, yakan ɓata gaskiyarsa. Ana iya sukar manufar mutum da ƙarfi ba tare da an zagi iyayensa, ko ƙabilarsa, ko addininsa ba.

To, ina rashin aikin yi ya shigo? Ku dubi waɗanda ake ɗauka bangar siyasa. Ba 'ya'yan masu mulki ba ne. Samari ne masu ƙarfi a jika waɗanda gari ke waye musu ba su da wurin zuwa, sai a saye su da 'yan kuɗi kaɗan da ƙwaya. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, cikin wasiƙarsa ta 1981 a kan aikin ɗan Adam, ya ɗauki rashin aiki a matsayin mugun abu, musamman idan ya faɗa wa matasa, gama aiki ba abinci kaɗai yake ba mutum ba, har da mutunci. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, mun ga abin da fushin da aka daɗe ana dannewa yake haifarwa. Wanda ke son ladabi a siyasa, sai ya fara da sama wa hannuwan nan sana'a.

Saboda haka, idan ɗan takara ya zo mana da zancen haɗin kai, kada mu yi masa ihu, kada kuma mu yi masa tafi kawai. Mu tambaye shi cikin girmamawa: matasa nawa za su sami abin yi, ta wace hanya, kuma yaushe? Mu ma da muke da shago, ko gona, ko gareji, mu ɗauki yaro ɗaya mu koya masa sana'a, mu biya ma'aikaci hakkinsa a kan kari. Malam Aminu ya rasu bai bar dukiya ba sai gidansa na Mambayya. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka, ya ba mu kuma harshen da zai faɗa musu gaskiya ba da zagi ba. Amin.